Muryar da Ke Bayan Ƙofa

Shafi na 27

Masu bina har akwatin saƙo da "wai me ke damun Auta", ku gyara zama, yau ba zan ja muku rai ba. Mai hawan jini ta fara shan maganinta.

*

"Mayar da shi baya," in ji Darakta. "Kin yi saurin shigo da ihun."

Almakashi ta ja linzamin kwamfuta ba tare da ta juyo ba. Tun safe yake zaune a bayanta, a kan kujerar nan mai rawar ƙafa, yana huci a ƙeyarta. A waje rana ce tsaka, amma a ɗakin tace fim an ja labule mai kauri, ba wani haske sai na alluna biyu da ke gabanta.

Tun shigarta sana'ar sunan Almakashi ya bi ta, don ba ta tausayin hoto. Komai kyansa, in ba shi da aikin yi, datse shi take. Yau tirela suke haɗawa, gajeriyar tallar da ake saki kafin fim ya fito, ta fim ɗin ban tsoron da Darakta ya ƙwallafa rai a kai. Da yamma za a ɗora ta a shafin kamfani.

"Ihu ba ya tsorata mutum," ya ce. "Jiran ihun ne ke kashe shi. Fara da dariya. Ga su sun tare a sabon gida, uwa na shanya, yarinya na waƙa. Ki bar mai kallo ya saki jiki."

"Na sani."

"Sai ki rage wa waƙar gudu, ta koma kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Baƙin allo. Ƙofa ta buɗe da kanta. Baƙin allo. Kar ki nuna abin, ko inuwarsa ki rage. Dodon da mutum ya zana wa kansa a cikin duhu ya fi wanda mai kwalliya ta ɓata yini tana shafa wa fenti."

"Darakta, ba yau na fara ba."

"Daga nan sai shiru. Shiru mai tsawo, har mutum ya ɗauka wayarsa ce ta tsaya, ya kawo ta kusa da fuska. To nan za ki make shi."

"Da me? Duk abin da muke da shi na zuba."

Ya yi murmushi, ya zaro ɗan filas, irin na ajiyar hotunan kwamfuta, daga aljihun gaba, ya ajiye kusa da hannunta.

"Da wannan."

Ta dubi filas ɗin, ta dube shi.

"Na ɗauka komai na fim ɗin nan yana wurina."

"Ban da wannan. Ɓoye shi na yi saboda yau."

Ta jona shi. Hoto guda ne a ciki, mai tsawo.

Wani ɗan ɗakin ajiya ne, matsattse, ba taga. Kantoci cike da kwalaye. An maƙala kamara can sama a kusurwa, irin mai gani cikin duhu. Ƙofa ta buɗe, Auta ta shigo.

Almakashi ta matso kusa, kamar kullum in ta ga ƙanwarta a allo. Auta ce jarumar fim ɗin, karo na farko da aka ba ta babban matsayi. Kuma tun da aka gama ɗauka ba ta koma daidai ba. Tana can gidan Inna, mahaifiyarsu, ta daina hira, ta daina dariyar nan tata mai tashin maƙwabta. Ba ta yarda a rufe mata ƙofa, ko ta banɗaki ce. Almakashi ta tambayi mijinta, Furodusa, tunda shi ya kawo yarinyar cikin aikin kuma yana wurin kullum. Ya ce gajiya ce, a bar ta ta huta.

A allo Auta tana takawa a hankali, ta zaro ido, tana waige-waige. Almakashi ta san wannan. Aktin ne, a gaban madubin Inna ta koye shi.

Sai ƙofa ta rufe. Fitila ta mutu, hoton ya koma kore-kore.

Auta ta ci gaba da wasanta na ɗan lokaci. Ta gama, ta tsaya tana jiran a ce an yanke. Ta ɗan yi murmushi ma. Ta lalubi ƙofa, ta murɗa hannun. Ta sake murɗawa.

Murmushin ya ɓace.

"Kalli nan," Darakta ya matso da kujerarsa. "Kalli fuskar. Ba jarumar da za ta ba ki wannan."

Auta na dukan ƙofa da tafin hannu, sannan da hannu biyu. Ta dafe ƙirji. Tana lalube jikin rigar da aka sa mata, rigar da ba ta da aljihu. Kafaɗunta na ɗagawa suna sauka da sauri. Ta sulale a jikin ƙofar, bakinta na motsi.

Ba a jin komai. Hoton kurma ne.

"Ina sautinsa?"

"Ya lalace. Makirufo ya ba mu matsala ranar. Ki sa bugun zuciya a ƙasa, ki yanka shi guntu-guntu, baƙin allo a tsakani. Ƙarshe ki tsaya a kan idon."

Ta jawo fuskar ta cika allo, ta rage gudun hoton.

"Me take cewa a nan?"

"Ihu mana. Me za ta ce?"

"Wannan ba ihu ba ne."

Ta mayar baya. Leɓen Auta ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Almakashi ta goya yarinyar nan, ta san bakin nan tun babu haƙori a ciki.

"Yaya take cewa."

"To, sai me?"

"A fim ɗin nan ita kaɗai iyayenta suka haifa. Ni na tace shi daga farko har ƙarshe. Wace yayar take kira?"

Darakta ya gyara zama, kujerar ta yi ƙara.

"Almakashi, lokaci na tafiya. Ki yi abin da na ce."

Idonta ya sauka ƙasan allo. A ƙarƙashin layin hoton akwai wani siririn layi, ya yi toka-toka. Kamara da kanta tana ɗaukar sauti, ko da babban makirufo ya mutu. Ga shi nan kwance, da tudu da kwarinsa.

"Ba lalacewa ya yi ba," ta ce a hankali. "Toshe shi aka yi."

"Bar wannan."

Ya miƙo hannu. Ta riga shi dannawa.

Abin da ya fara fitowa daga sifika numfashi ne. Wani irin numfashi mai fito, kamar ana jan iska ta cikin tsinke. Ta san shi. Tun suna yara take tashi a kansa in asmar Auta ta motsa.

"Darakta, ya isa. Ku buɗe."

Duka a jikin ƙofa.

"Don Allah ku buɗe, ba aktin nake ba. Abin shaƙata yana jaka. Jakata tana waje."

Duka. Tari.

"Yaya... Yaya..."

Almakashi ta tsayar. Ta juya kujerarta gaba ɗaya, karo na farko tun safe, ta fuskance shi.

"Kulle ta kuka yi."

"Saurara."

"Yarinya mai asma. Kuka kulle ta a ɗakin da ba taga, kuka kashe fitila, kuka kunna kamara."

"An gaya mata za a rage haske."

"An gaya mata za a sa makulli?"

Ya kawar da kai gefe.

"Tambayarka nake."

"In an gaya mata ai aktin za ta yi. Sau nawa muka ɗauki wurin nan? Ke da kanki kika ce tsoron nata na roba ne, ba ya shiga jiki. Mutane sun waye, Almakashi. Sun san ƙarar ƙofa, sun san waƙar yara, sun san shirun nan da muke yi musu. Dariya suke mana. Abu ɗaya ya rage da ba su iya ganewa, shi ne na gaske."

"Na ce a sake ɗauka. Ban ce a kashe min ƙanwa ba."

"Wa ya mutu?"

Ta miƙe. Bai san tana da tsawo haka ba sai da ta tsaya a kansa.

"Sake faɗa."

"Ba haka nake nufi ba." Ya ɗaga hannu biyu. "Zauna. Ki ji sauran kafin ki ɗora min duka kayan."

"Akwai saura?"

"Ki kai shi gaba. Tunda kin buɗe, ki ji har ƙarshe."

Ta tsaya tana kallonsa. Goshinsa ya jiƙe, duk da sanyin na'urar da ke ɗakin. Ta koma ta zauna, ta danna.

Numfashin Auta ya ƙara siranta. Ta daina dukan ƙofar, sai ƙarar farce. Daga can waje, ta bayan katako, muryoyi suka fara shigowa sama-sama. Almakashi ta ɗaga sautin har ƙarshe.

Muryar mace, mai kwalliya ce: "Yallaɓai, numfashin yarinyar nan fa ya canja."

Sai muryar Darakta, ƙasa-ƙasa: "Anya ba za mu yanke ba? Mun samu abin da muke so."

Sai wata murya, kusa da ƙofar sosai, a natse, kamar mai cinikin da ba ya sauri.

"A bar ta. Na san ta tun tana 'yar firamare, raki ne. Ƙara mata kaɗan, ba za mu sake samun irin wannan ba. Makullin yana hannuna."

Almakashi ba ta tsayar da hoton ba.

Muryar da ke tashinta da safe ce. Muryar da ke yi wa 'yan biyunta wasan doki a tsakar falo.

"Kin ji da kunnenki," in ji Darakta. "Ni na ce a yanke."

Ba ta jin sa. Ranar take gani. Furodusa ya dawo gida da yamma, ya ce Auta ta ɗan yanke jiki saboda zafi, ya kai ta asibiti da kansa, an sallame ta, ya sauke ta gidan Inna. Ya wanke hannu ya ci abinci, har da ƙari. Ita kuwa ta zauna kusa da shi tana cewa Allah ya saka, Allah ya bar zumunci.

Har godiya ta yi masa.

"Ya san za ka kawo min wannan?"

"Shi ya ce a sa a tirela."

"Ya ce ni zan yanka?"

"Wa ya fi ki hannu?"

Wata dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, marar daɗi. Ta dafe bakinta.

Aka ƙwanƙwasa, aka turo ƙofa. Hasken baranda ya faɗo cikin ɗakin.

"Maman biyu, an kusa?"

Furodusa ne, da ledar lemo a hannu, fuskarsa a sake. A bayansa Auta ce. Ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Ba ta shigo ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe gefenta da hannu don kar ta rufe.

"Na biya na ɗauko ta," ya ce. "Darakta na son ta yi raɗar nan ta ƙarshe, wadda za ta fito bayan sunan fim. Layi ɗaya ne, ta yi in mayar da ita."

Ya dubi matarsa, ya dubi Darakta, sannan ya dubi allo. Auta ce a kai, kore-kore, a zube a jikin ƙofa.

Almakashi ta ja hoton baya kaɗan. Ta danna.

"A bar ta. Na san ta tun tana 'yar firamare, raki ne."

Muryar ta cika ɗakin. A bakin ƙofa Auta ta runtse ido.

Furodusa ya ajiye ledar a kan tebur a hankali. Bai dubi matarsa ba. Darakta ya duba.

"Na ce ka cire sautin."

"Na toshe shi."

"Cirewa na ce."

"Abin da za ka fara faɗa ke nan?" in ji Almakashi.

Ya juyo.

"Maman biyu, wannan maganar gida ce. Ba a nan ba."

"A nan ka kawo min ita. A filas."

"Ga ta nan tsaye da ƙafarta. Me ya same ta? Da na ga abin ya yi yawa ai na buɗe. Ni na ɗauke ta, ni na kai ta asibiti."

"Ka buɗe bayan ta daina motsi."

"Ba ki wurin."

"Ina kallo yanzu."

"Fim ɗin nan shi zai ɗaga ta. Gobe in an ga fuskar nan, wa zai ƙara ce mata sabuwar jaruma? Duk abin da muka gina, ni da ke, a kan fim ɗin nan yake tsaye. Kin sani."

"Ka kawo min ƙanwata tana shure-shure, ka ce in sa mata kiɗa a ƙasa. In yanka ta guntu-guntu, in tsaya a kan idon." Ta nuna allon da yatsa. "Da ban duba layin nan ba, da da hannuna zan yi. Ka zauna ka kalla tare da ni, ka ce hannuna ya yi kyau."

"Ya isa."

"Bai isa ba."

Ta juya ga kwamfuta, ta zaɓi hoton gaba ɗaya. Darakta ya zabura.

"Kar ki goge. Shi ke nan guda, babu wani."

"Shi ya sa."

"Kar ki goge, Yaya."

Dukansu suka juya. Muryar ta dushe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba. Auta ta saki gefen ƙofar, ta tako ɗaya zuwa cikin ɗakin.

"Auta, je ki mota ki jira ni," in ji Furodusa.

Ba ta ko dube shi ba.

"In kin goge, ya zama ban faɗa ba, ba a yi ba. Haka ya ce min a mota, muna dawowa daga asibiti. Ya ce ba wanda zai yarda. Ya ce in na buɗe baki, ni na kashe miki aure, ni na raba 'yan biyu da ubansu."

Almakashi ta saki linzamin, ta juyo gare ta.

"Shi ya sa kika yi shiru?"

"Kullum kika zo gidan Inna sai in ce yau zan faɗa. Sai in ga kina ba da labarinsa kina dariya."

"Auta..."

"Ina ta kiranki a ciki, Yaya. Na san ba kya wurin. Bakina ne kawai ya ƙi kiran kowa."

Hawaye ya zubo wa Almakashi, ba ta share ba.

"Me kike so in yi? Faɗa min. Duk abin da kika ce."

Auta ta nuna allo na biyu da haɓa. Shafin kamfani ne a buɗe tun safe, yana jiran tirela, da dubban mutanen da aka yi wa alkawarin za su ga abin da zai hana su barci.

"Tsoro na gaske suke so a gani. A nuna. Kar ki sa kiɗa, kar ki yanka. Ki ɗora shi yadda yake, da muryata, da ta mai kwalliya, da tasa."

"Kin haukace," in ji Darakta. "Kin san me wannan zai jawo? Ba kamfani kaɗai ba, har hukuma sai ta shigo. Almakashi, ki yi wa girman Allah. Ni na ce a yanke, kin ji."

"Ka ce a yanke, ka ci gaba da ɗauka."

Almakashi ta jawo hoton, ta jefa shi cikin shafin. Wani layi shuɗi ya fara cika daga hagu. Layin ya kai ƙarshe. Maɓalli ɗaya ya rage, ta kai kibiyar kansa ta tsaya.

Ta jira Furodusa ya yi ihu, ko ya fizge waya daga bango. Bai yi ko ɗaya ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa, ya zuba mata ido. Wannan natsuwar ta fi komai tayar mata da hankali. Irin ta cikin sifika ce.

"Maman biyu."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan."

"Ƙarfe nawa kike zuwa ɗauko su daga makaranta?"

Ta dube shi.

"Me ya kawo maganar yara?"

"Kar ki wahalar da kanki yau. Ba su je ba."

"Kai ka fita da su da safe. Da kayan makaranta a jikinsu."

"Na fita da su." Ya gyaɗa kai. "Na san matar da na aura. Ba kya ganin abu a rufe ki wuce. Na ce ko da wannan sakaran zai yi shirme, gara in yi shirina."

Auta ta dafe ƙirji. Numfashinta ya fara fito.

Almakashi ba ta ɗauke hannunta daga kan linzamin ba.

"Ina ka kai min 'ya'ya?"

"Suna lafiya."

"Ina suke?"

Ya dubi yatsanta, sannan ya ɗago ya dubi idonta.

"Ɗauke hannunki tukuna."